Hawan Jinin da Ba a Gwada Shi a Dantse

(Taken shiri)

  

Yau ɗakin aikina zan shiga da ku. Ɗan ɗakin nan ne mai duhu-duhu, inda ake ce wa mutum ya kwanta rigingine ya yaye riga, a matsa masa wani abu mai sanyi da yauƙi a ciki, a yi ta yawo da kan na'ura a kai ana kallon allo. Sikanin ke nan, wasu su ce hoton ciki. Abin da ya sa na ɗauko maganar kuwa wani dattijo ne, manomin shinkafa, da aka kawo shi asibiti ya yi aman jini cike da kwano da asuba, alhali da daddare lafiya lau ya ci tuwonsa ya kwanta. Bayan an ƙara masa jini ya dawo hayyacinsa, aka turo shi wurina. Da na gama dubawa na ce, "Baba, abin da na gani hawan jini ne a cikin nan." Ya ɗago kai ya ƙare mini kallo, ya ce, "Yaro, sake dubawa dai. Tun jiya sau uku ana ɗaura mini abin nan a dantse, kowa cewa yake jinina ƙasa ma ya yi."

Shi bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Wanda ake gwadawa a dantse daban, wanda nake nufi daban. Nawa a cikin wata jijiya guda ɗaya yake, can ƙarƙashin hanta, inda ba wani awo da za a ɗaura ya kai gare shi.

Duk wanda ya taɓa gyaran ragon Layya ya ga jijiyar nan, ko da bai san sunanta ba. In ka ciro hanta ka kifa ta, a ƙasanta kusa da matsarmama akwai wani ɗan kwarmi da bututai ke shiga. Mafi faɗi a cikinsu ita ce muke magana a kai. Likitoci suna ce mata fotal, asalin kalmar kuwa ƙofa take nufi, don haka mu a nan mu kira ta jijiyar ƙofar hanta. Jinin da ya zagaya tumbi da hanji da saifa ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Sai ya taru a wannan jijiya, ya shiga hanta, hanta ta tace shi, ta ɗebi abin ɗiba ta kashe dafin kashewa, sannan ta sallame shi. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta ta wannan ƙofa yake bi.

To, a ce hanta ta daɗe tana ciwo. Ta yi tabo a kan tabo, ta ƙandare, ta zama kamar ganda, abin da ake kira sirosis. Jini na zuwa yadda ya saba, hanya kuwa ta matse. Mutanen Haɗejia da Nguru ba sai an yi musu dogon bayani ba, sun ga abin da ciyawar kacala take yi wa magudanar ruwa. Gaba ta toshe, ruwa ya ja baya, ya kumbura, ya fasa gefe, ya malale gonar da ba a nufe shi da ita ba. Abin da jini ke yi ke nan a cikin mai tsohon ciwon hanta.

Ana iya auna ƙarfinsa, amma sai an zura siririn bututu ta jijiyar wuya har cikin hanta. Ga mai lafiya, awon ba ya wuce 5. In ya haura 5 hawan ya fara. In ya kai 10 an shiga matakin da matsala ke biyo baya, daga 12 kuwa fashewar jijiya na iya zuwa ko yaushe. Sai dai asibitocin da ke wannan awo ƙalilan ne ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. Mu a nan aikin maharbi muke yi. Ba mu ga naman ba, sawunsa muke bi.

Sawun farko a jikin hantar kanta yake. Lafiyayyar hanta fuskarta sumul take a allo, bakinta sirit kamar kaifin wuƙa. Wadda ta ƙandare fuskarta kan yi gurje-gurje, bakin ya dakushe, ɓangaren dama ya motse, na hagu da wani ɗan sashe na baya su ƙara girma. Wannan ya gaya mana inda toshewar take, bai gaya mana ko ruwa ya ja baya ba tukuna.

Daga nan sai mu auna faɗin jijiyar. In kuka duba takardar da ake ba ku bayan sikanin, sau da yawa za ku ga haruffa biyu, P da V, da lamba a gabansu. Ita ce. In mutum yana kwance yana numfashi a hankali, faɗin bai kamata ya wuce milimita 13 ba, wato kusan kaurin ɗan ƙaramin yatsa. In ya wuce, kunnenmu ya tashi. Amma a nan nake da ƙorafi a kan wasu abokan aikina da wasu marasa lafiya baki ɗaya. Sai mutum ya ga an rubuta 11, ya ninke takarda ya sa a aljihu, ya ce shi ke nan na tsira. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Ruwan da ya riga ya fasa gefe ai babbar magudana ba za ta cika ba. Jijiyar na iya komawa daidai, har ma ta tsuke, saboda jinin ya sami wasu hanyoyin ya bi. Faɗinta in ya ƙaru shaida ce, in bai ƙaru ba kuwa bai wanke kowa ba. Shi ya sa za ku ji muna cewa, ja numfashi, riƙe, saki. Jijiyoyin da ke kawo jini daga saifa da hanji kan buɗe in mai lafiya ya ja dogon numfashi. Waɗanda suka riga suka cika tam ba sa ko motsi.

Akwai wani maɓalli a jikin na'urar da in aka danna sai allo ya yi ja da shuɗi. Sunansa Dofla, sunan wani masani ne ɗan ƙasar Ostiriya da ya yi bayanin abin a 1842. Kun san yadda ƙarar ham ɗin tirela take tashi in ta doso ku, ta kuma faɗi da zarar ta wuce? Da wannan dabara na'urar ke gane inda jini ya dosa da irin gudun da yake yi. Ja yana nufin jinin ya doso kan na'ura, shuɗi yana nufin ya ba ta baya. Ba ruwansa da jini mai kyau ko marar kyau, don na sha ganin wanda ya ga shuɗi a cikinsa ya fara salati. A jijiyar ƙofa, jini kan yi gudun da ya kai santimita 15 zuwa sama a daƙiƙa guda. In hanta ta toshe sai ya rage gudu. In abin ya yi nisa sai ka gan shi yana kai-komo, ya matsa gaba ya dawo. Daga ƙarshe sai ya juya baki ɗaya, ya riƙa fita daga hanta maimakon shiga. Ranar da na fara ganin haka da idona, sai da na sauya riƙon na'ura sau uku, ina zaton ni ne na riƙe ta a karkace. Kogi ne ya koma yana gudu zuwa mafarinsa. Jinin da ya rage gudu kuma yana iya daskarewa a cikin jijiyar, mu ga gudan a zaune, launi ya ƙi shiga wurin.

Sai saifa. Ita ce ta farko da ke shan wahalar ruwan da ya ja baya, don jijiyarta kai tsaye take zubawa a jijiyar ƙofa. Tsawonta ga babban mutum ba ya wuce santimita 12 zuwa 13. Ta dattijon nan ta sauko har kusa da cibiya. Saifar da ta kumbura takan riƙe ƙwayoyin da ke daskarar da jini, shi ya sa in an yi gwajin jini aka ga sun sauka ƙasa da 150,000, likita kan haɗa wannan da abin da hoto ya nuna. Amma fa a ƙasarmu saifa ba a hanta kaɗai take kuka ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya daɗe yana maimaituwa yana kumbura ta, cututtukan jini ma haka. Mai sikanin da ya ga babbar saifa ya yanke hukunci nan take, ya yi garaje.

Ruwan ciki kuwa kowa ya san shi in ya yi yawa: ciki ya yi tulu, cibiya ta turo, ƙafafu sun kumbura, mutum ya rame ta sama. A nan ne ake fara cewa sammu ne, ko an ba shi wani abu ya ci, a tafi wurin mai sakiya. Kafin likita ya gane ruwa da hannunsa sai ya kai wajen lita ɗaya da rabi. Na'ura kuwa tana ganin wanda bai cika kofin shayi ba, baƙi wuluk, ya kwanta a ɗan lungun da ke tsakanin hanta da ƙodar dama. Shi ma dai ba shaida ce ita kaɗai ba, domin ciwon zuciya da na ƙoda da tarin fuka na ciki duk suna tara ruwa. Bangon matsarmama ma yakan yi kauri saboda wannan ja-da-bayan, har wanda bai lura ba ya ce ita ce ke ciwo.

Yanzu ga sawun da ba ya ƙarya, wanda in na gan shi ba na sauran kokwanto: ɓarauniyar hanya.

Tun muna cikin uwa akwai jijiyar da ke kawo mana jini ta cibiya zuwa hanta. Da an haihu an yanke cibi sai ta rufe ta zama kamar igiya. A gefenta akwai wasu 'yan ƙananan jijiyoyi da ba a ko ganinsu. In jini ya rasa hanya sai ya tura ta cikinsu, su buɗe, mu gan su a allo suna fita daga hanta sun nufi cibiya. Wani lokaci har a fatar ciki ana ganinsu, sun yi rassa kore-kore kamar saiwar bishiya. Wata hanyar takan buɗe tsakanin saifa da ƙodar hagu. Irin wannan tana rage cunkoso, amma da tsada, don jinin da ya bi ta nan bai shiga hanta an tace shi ba. Dafin ya wuce ƙwaƙwalwa, sai ka ga mutum yana barci da rana yana farke da dare, yana mantuwa, yana surutai, a ce aljanu ne.

Wadda ta fi kashe mutane kuwa ita ce ta sama. Jini ya bi ta kan tumbi ya hau jijiyoyin ƙasan maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi. Jijiyoyin nan sirara ne, ba a halicce su don ɗaukar wannan kaya ba. Sai su kumbura su yi ƙulli-ƙulli, ba abin da ya raba su da lomar tuwo sai fata mai kaurin bayan albasa. Ba sa ciwo, ba sa ƙaiƙayi. Ranar da ɗaya ta fashe, ita ce asubar dattijon nan. Wani kuma ba zai yi amai ba, sai ya ga bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wari na daban. Wannan jini ne, ba basir ba ne, kuma ba a kwana da shi a gida.

Sikanin ba ya ganin waɗannan sosai, iskar tumbi da ƙashin ƙirji kan kare su. Hoton CT da ake yi bayan an sa ruwan allura a jijiya ya fi nuna su, yana fito da ɓarayin hanyoyin nan duka kamar taswira, MRI ma haka. Amma mai yanke hukunci shi ne endoskofi, bututun nan mai fitila da kyamara da ake zurawa ta baki. Da shi ake ganinsu ido da ido, da shi kuma ake ɗaure su da 'yar roba kafin su fashe.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu: linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Gaskiya ne, CT da endoskofi ba a kowane gari suke ba, kuɗinsu kuma ba wasa ba ne. Akwai na'urar FibroScan da ke ɗan bugun haƙarƙari ta auna taurin hanta cikin 'yan mintoci, ba allura ba yanka. Masana da ke taruwa lokaci-lokaci kan wannan ciwo, waɗanda taronsu ya samo suna daga garin Baveno na Italiya, sun ce a 2015 wanda taurin hantarsa bai kai 20 ba, ƙwayoyin daskarar da jininsa kuma sun haura 150,000, ana iya ɗage masa endoskofi a ci gaba da sa ido. A 2021 suka ƙara da cewa daga 25 zuwa sama, a galibin masu irin wannan ciwo, a ɗauka hawan ya kai matakin haɗari. Wannan ya rage wa mutane da dama wahala. Sai dai akwai masu ciwon da wannan awo ke iya yaudara, kuma da yawansu namu ne.

(Ɗan kiɗa)

Mu koma kan dattijonmu. Hantarsa sumul take, ba gurje ba motsewa. Idonsa fari tas, ba alamar shawara. Gwajin aikin hanta ya fito kusan daidai. Amma a allo, kowace jijiya da ke cikin hantar an kewaye ta da wani farin kauri, in an yanko ta a gicciye kamar zobe, in a tsaye kamar bututu. Na ce, "Baba, tun yaushe kake shiga ruwa?" Ya yi dariya ya ce tun bai san kansa ba.

Tsargiya ce. Mu mun fi sanin ta mafitsara, wadda yara ke fitsarin jini har a wasu ƙauyuka ake ɗaukarta alamar balaga. Tana da 'yar'uwa ta hanji, ita ma ta ruwan da ke da ƙananan dodon koɗi ake ɗaukarta, ta fata take shiga. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin hanji tana ƙwai, jini ya kwashi ƙwan ya kai hanta, su maƙale a ƙananan rassan jijiyar ƙofa. Shekara da shekaru jiki yana gina tabo a kewayensu. Wani likita mai suna Symmers ya bayyana wannan a Alƙahira a 1904, ya ce kamar an caccaka wa hantar bututun lofen taba na farar ƙasa. Toshewar a bakin ƙofa take, naman hantar kansa da sauran lafiyarsa. Shi ya sa mutum ke nomansa da ƙarfinsa har ranar aman jini, shi ya sa kuma awon taurin hanta kan iya fitowa da sauƙi alhali jijiyoyin maƙoshi sun kumbura.

An yi bincike mai yawa kan wannan a gonakin Jazira na Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe suna noma. Kuma ƙa'idar da masu sikanin na duniya ke bi wajen bayyana irin wannan hanta, a Yamai aka tsara ta, a wani taro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya masa a 1996. Ta kasa hoton gida shida, daga A zuwa F. A lafiya ke nan, B ɗige-ɗige kamar taurari, C zobba da bututai, har zuwa F inda farin tabon ya miƙe zuwa bakin hanta kamar akaifar tsuntsu. Don haka duk wanda ya tashi a bakin dam ko fadama ko gonar noman rani, ko masunci, ko mai wanki a rafi, in za a yi masa hoton ciki ya faɗa wa mai dubawa. Kalma ɗaya ce, amma tana sauya inda zai kai idonsa. Maganin tsutsar, furazikwantel, shi ne wanda ake raba wa yara a makarantu. In an sha da wuri tabon na iya ja baya, wanda ya tsufa kuwa da wuya.

Ɗaya babbar saiwar wannan hawan jini ita ce ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin kowane 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, akasarinsu ba su sani ba. Da yawa tun suna jarirai ko ƙanana suka ɗauka, wasu ta aska ɗaya da aka yi wa yara goma kaciya ko tsaga da ita. Akwai rigakafi, kuma allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi. Akwai kuma magani irin su tenofobir da ke danne ƙwayar cutar. Nau'in C ma yana nan, shi har warkewa ake yi. Giya da kitsen hanta su ma suna kai mutum gida ɗaya. Wanda aka tabbatar hantarsa ta ƙandare, sikanin duk wata shida ne, don a kan irin wannan hanta ce ciwon daji ke tsirowa, kuma wanda aka gani yana ƙarami shi ne ake iya yi wa wani abu.

In hoto ya nuna alamun nan, akwai magunguna masu araha, furofaranolol ko kabedilol, da ke rage matsin jinin, amma likita ne zai tsara su, ba mai kemis ba. Maganar kemis kuwa, ina roƙonku: mai irin wannan ciwo ya nisanci asfirin da dikulofenak da aibufurofen, da haɗe-haɗen nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda. Suna iya jawo zubar jini, suna kuma taɓa ƙoda. Jiƙe-jiƙen shawara da ba a san abin da ke ciki ba, hantar da ta gaji ce za ta tace su. Mai ruwan ciki ya rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa.

Wanda aka rubuta wa sikanin na hanta kuma, ya zo da safe bai ci komai ba na kamar awa 6, ruwa kaɗai zai iya kurɓa. Abinci yana ƙara gudun jini a jijiyar ƙofa ya ɓata mana awo, iska ta cika hanji ta rufe mana gani. Mai ciwon suga ya tambayi likitansa yadda zai yi da maganinsa a wannan safiya. A zo da tsofaffin takardu ko sun yi datti, don saifar da ta tashi daga 12 zuwa 15 cikin shekara biyu ta fi gaya mana magana a kan awon rana ɗaya. Kuma kafin ka tashi daga gadon, tambaya: an duba jijiyar ƙofa da launi? Ina jinin ya dosa?

Dattijon nan an ɗaure masa jijiyoyin maƙoshi, an ba shi maganin tsutsa da na rage matsi. Da ya dawo bayan wata shida, ya shigo yana yaye riga tun daga ƙofa, ya kawo ƙannensa biyu da babban ɗansa, duk gona ɗaya suke shiga. Ɗaya daga cikin ƙannen mun same shi a mataki na C, bai taɓa jin ko ciwon ciki ba.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki takardar gwajin ciwon hanta nau'in B mu bi ta layi-layi. Wanda yake da tasa ya ajiye ta kusa da rediyo. 

(Taken shiri)